Anti, agogo ya nuna zuciyata na buga 185, Inna ta ce in bar ƙwallo

Assalamu alaikum Anti, ina wuni, ya aiki. Ni ɗalibi ne ɗan aji uku a jami'ar tarayya ta Gusau, shekarata 22. Wata biyar ke nan da na fara tirenin, gudu da safe sau uku a sati, sai ƙwallo ran Asabar da Lahadi. Wani abokina ya ara min agogon nan mai auna bugun zuciya, in ina gudu sai in ga 180 har 185, amma in na tashi daga barci 54 nake gani alhali da can 78 ne. Ran nan muna gama ƙwallo wani abokinmu mai karatun nas ya auna min bifi ya ga 160/80. Na yi kuskure na gaya wa Inna, tun ranar hankalinta bai kwanta ba, saboda Babanmu faɗuwa ya yi a kasuwa yana da shekara 47 bai sake tashi ba, aka ce hawan jini ne. Ta ce in na ƙara taka ƙwallo ba ta yafe ba. Ni ba na jin ciwon komai, sai dai lokacin jarabawa in na sha lemun enaji da kofi na kwana karatu zuciyata na yin fat-fat. Dan Allah mi ya kamata in yi, wanga abu ya hana ni sukuni.

Wa alaikumussalam ƙanena. Allah ya jiƙan Baba ya sa Aljanna ce makomarsa, ita kuma Inna Allah ya ƙara mata lafiya da haƙuri. Kuma ba ka yi kuskure ba da ka gaya mata, ka cire wannan a ranka.

Na karanta saƙonka sau biyu. Lambobin nan uku da suka hana ka barci, 185 da 54 da 160/80, wallahi ko ɗaya bai ɗaga min hankali ba, kuma yanzu zan gaya maka dalili. Inda na ajiye wayar na yi shiru shi ne layin da ka rubuta kan yadda Baba ya rasu. Za mu zo kansa, amma bari mu fara sauke maka kayan da ba naka ba tukuna.

Ka san injin ban ruwa na masu noman rani, irin wanda za ka gani a bakin fadama ko can wajen Bakolori. In fangali biyu za a shayar a hankali ake barinsa yana tafiya, in kuwa gona ce guda ga rana ta take sai a ƙara masa wuta, ƙararsa ta canza, kuma babu wanda zai ce injin ya lalace don ya yi ƙara. To haka zuciya take. Kana zaune a lakca tana tura jini kamar lita 5 ne a minti ɗaya, amma da ka fara gudu tsokar cinyarka da ta ƙwaurinka za su fara neman iskar oksijin ninkin ba ninkin, sai ta kai lita 20 ko fiye a minti, kuma hanyar da za ta yi hakan ita ce ta ƙara sauri ta kuma ƙara ƙarfin matsawa. Akwai wani lissafi da ake yi na ƙiyasi, a cire shekarun mutum daga 220, abin da ya rage shi ne kusan iyakar da zuciyarsa za ta iya kaiwa. Kai naka 198 ke nan, ko da yake wani kan ɗara haka da goma wani ya gaza da goma. Ka ga ashe 185 ba ta ƙetare iyaka ba, sai dai tana gaya maka kana gudun da ƙarfi sosai, kusan ƙarshen ƙarfinka, kuma ba dole ba ne kowace safiya sai ka kai can. Yawancin gudunka ka bar shi tsakanin 125 da 150, kuma ko babu agogo za ka gane, in kana iya yi wa na kusa da kai magana jimla guda ba tare da ta tsinke ba to kana daidai, in kalma ɗaya-ɗaya kawai ke fita to ka shiga mai tsanani. Sau ɗaya ko biyu a sati ya isa ga irin wannan mai tsananin.

Sannan kar ka ba agogon nan amana ɗari bisa ɗari, haske yake harbawa cikin fata yana karantawa, in ya yi sako-sako ko gumi ya yi yawa ko hannu na kaɗawa yakan yi ƙarya. Ka sa yatsu biyu, manuni da na tsakiya, a wuyan hannunka ta gefen babban yatsa, ka ƙirga na daƙiƙa 15 ka ninka sau 4. Kuma ga abin da ya fi 185 ɗin nan amfani a wurina, ka tsaya da gudu ka jira minti ɗaya cur ka sake dubawa. Zuciya mai lafiya saukowa take yi da sauri, a saurayi mai tirenin irinka 20 ko 30 za ka ga ta ragu, wanda likitoci ke sa wa ido shi ne wanda ko 12 ba ta ragu ba.

54 ɗin safe kuwa, ƙanena, wannan ladan wata biyar ɗinka ne. A littafi an ce bugun zuciyar baligi a zaune 60 zuwa 100 ne, shi ya sa in mutum ya ga 54 sai gabansa ya faɗi, amma wannan ma'aunin na jama'a ne gaba ɗaya, masu motsa jiki sosai ana samun su a hamsin da wani abu har arba'in da wani abu lafiya lau. Zuciya tsoka ce, in ana ba ta aiki tana ƙara ƙwari, kowane bugu ɗaya sai ya riƙa fitar da jini fiye da na da, don haka aikin da take yi da bugu 78 yanzu da 54 take gama shi. Yi lissafi da kanka, ragin 24 a kowane minti, a awa 8 na barci kaɗai ka sauke mata bugu dubu 11 da ɗari biyar. Inda ƙarancin bugu ke zama matsala shi ne in ya zo da jiri ko ganin duhu ko suma ko gajiyar da ba ta da dalili, kai kuma ka ce ba ka jin komai.

Ka riƙe wannan lambar ta safe da kyau don ita za ta riƙa ba ka labarin jikinka. Ranar da ka tashi ka ga 66 ko 70 maimakon 54, kuma washegari ma haka, to akwai abin da ke tafe, ko maleriya ce ko rashin barci ko jiki ya bushe ko ka wahalar da shi da yawa. Zazzaɓi kansa na ƙara bugun zuciya kusan 10 a kowane digiri ɗaya da zafin jiki ya hau. Kuma dan Allah wannan ɗabi'ar ta samari, mutum na fama da zazzaɓi ko mura mai zafi ya haɗiyi farasitamol ya ɗaura but ya shiga fili wai in ya yi gumi zai warke, a daina. Wasu ƙwayoyin cutar mura na iya kumbura tsokar zuciya, kuma gudu a cikin wannan halin na daga cikin abubuwan da ke kayar da matashi a fili. A bari zazzaɓi ya sauka a huta kwanaki tukuna.

Sai 160/80. Abokinka da kyakkyawar niyya ya auna, amma lokacin ne bai dace ba. Lambar sama ƙarfin jini ne lokacin da zuciya ta matsa, ta ƙasa kuma lokacin da ta saki. In kana ƙwallo ta sama dole ta hau, 160, 180, wani har 200 yake taɓawa, ita kuma ta ƙasa ba ta cika motsawa ba saboda jijiyoyin cikin tsoka buɗewa suke yi su ba jini hanya, ka duba naka ai 80 take zaune. Irin amsar da ake so jiki ya bayar ke nan. Awon da ake yanke hukunci da shi a zaune ake yinsa, ka zauna minti 5 ka jingina bayanka, ƙafa a ƙasa, hannu a kan tebur daidai ƙirji, ba ka sha kofi ko cin goro ko gudu ba a rabin awar da ta wuce, ba ka magana, a auna sau biyu, a sake a wata rana daban. In ana samun ƙasa da 120/80 madalla, in ana ta samun 140/90 ko sama a ranaku daban-daban shi ne ake cewa hawan jini. Kuma abin da mutane ba su sani ba, bayan an gama motsa jiki jinin kan sauka ƙasa da yadda yake da farko ya zauna haka awanni, wanda kuma ke da hawan jini in ya lizimci tafiya ko gudu lambar samansa kan ragu da 5 zuwa 8. Tunda hawan jini na bin gida, kai da ka fito gidan da ake zarginsa ka fi kowa buƙatar motsa jiki. Ka haɗa da rage gishiri da magi, hukumar lafiya ta duniya ta ce gishirin yini guda kar ya kai giram 5, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, ɗalibin da ke juye duk sinadarin indomi ya ƙara magi biyu a kai ga yajin tsire da dare ya wuce nan tuni.

Numfashi ma haka, daga 12 zuwa 20 a minti yana iya kai 40 a gudu, zafin jiki ya tashi daga 37 zuwa 38 har 39. A Gusau wannan na ƙarshen ne abin kula, ka san yadda Maris da Afrilu da Mayu suke, zafi ya haura digiri 40, wasan ƙarfe biyu ko uku na rana a wannan lokacin ganganci ne. Ka sha ruwa kafin ka fita da bayan ka dawo, in fitsarinka ya yi ja kamar shayi to ruwan bai isa ba. In azumi ne ka bari sai dab da shan ruwa ka yi mai sauƙi ko bayan tarawi. Kuma ka san jinsin jininka, kusan mutum 1 cikin 4 a ƙasar nan AS ne, mai AS na yin wasanni lafiya amma shi ne bai kamata ya haɗa zafin rana da ƙishirwa da gudun ƙure ƙarfi lokaci guda ba.

To yanzu maganar Baba.

A wajenmu duk wanda ya yanke jiki ya faɗi cewa ake hawan jini ne, ba a bincike, a yi masa sutura a kai shi makwancinsa kafin la'asar. Wataƙila hawan jinin ne da gaske, jijiya ta fashe a ƙwaƙwalwa. Amma mutum ɗan shekara 47 ya faɗi nan take, akwai yiwuwar ciwon zuciya ne irin wanda ake gado, kuma ƙa'idar da likitoci ke bi ita ce duk ɗan wasan da uba ko uwa ko ɗan uwansa na jini ya yi mutuwar fuju'a kafin shekara 50 sai an duba zuciyarsa. Akwai wani ciwo da bangon zuciya ke yin kauri fiye da ƙima, ana samunsa a kusan mutum 1 cikin 500, in uba na da shi kowane ɗa rabi da rabi ne ko ya ɗauka ko bai ɗauka ba, kuma mai shi na iya zama ƙaƙƙarfa ba ya jin komai, agogo ba ya nuna shi, na'urar bifi ba ta nuna shi. Shi ne ya kashe Marc-Vivien Foé na Kamaru ranar 26 ga Yunin 2003 a tsakiyar fili a birnin Lyon na Faransa suna wasa da Kolombiya, yana da shekara 28. Mu ma nan gida Samuel Okwaraji ya faɗi a filin wasa na ƙasa da ke Legas ranar 12 ga Agustan 1989 ana wasa da Angola, yana da shekara 25. Ba don in tsorata ka na kawo su ba, don ka ga na ukunsu ne, Nwankwo Kanu. A 1996 bayan ya ciyo zinare a gasar Olamfik ta Atlanta, likitocin Inter Milan suka duba shi suka gano matsala a wani murfin zuciyarsa, aka yi masa tiyata a Amurka, ya dawo fili, ya je Arsenal a 1999, a shekarar ma ya sake zama gwarzon ɗan ƙwallon Afirka. An duba shi kafin abu ya faru, shi ya sa ya ci gaba da wasansa shekaru masu yawa.

Saboda haka abin da nake so ka yi a satin nan, ka zauna da Inna ko baffanka ka tambaya a hankali, Baba yana shan maganin hawan jini kafin rasuwarsa, ya taɓa suma, yana kukan ƙirji ko haki, ranar da ya faɗi ya yi magana ko ɓarin jikinsa ya shanye ko kuwa shiru kawai, sannan a dangi akwai wanda ya rasu haka yana matashi, a barci ko a gona ko a ruwa. Ka rubuta amsoshin a takarda. Ka je asibitin makaranta ka ce kana son takardar ganin likitan zuciya, ko ka je babban asibitin tarayya na Gusau ko na Yariman Bakura, ka faɗa musu da bakinka cewa mahaifina ya rasu farat ɗaya yana da shekara 47 kuma ina ƙwallo. Za su saurari ƙirjinka, su yi maka isiji, wato gwajin da ake manna wayoyi a ƙirji a ga yadda wutar zuciya ke tafiya, ba zafi kuma ko minti goma ba ya kaiwa, sannan ka nemi a yi maka eko, hoton zuciya irin na sikanin masu ciki, shi ne ke nuna kaurin bangon da murafen. Ka gaya musu kana tirenin don kar 54 ɗin ta ruɗa wani. Ƙannenka da yayyenka ma ya kamata a duba su. Kafin sakamako ya fito ka ajiye ƙwallo da gudun tsere, ka riƙa tafiya da sauri ta rabin awa, sati biyu ko uku ba za su rushe abin da ka gina ba.

Wannan ya kawo mu kan Inna. Kar ka saɓa mata kuma kar ka riƙa fita a ɓoye, matar da aka shigo mata da gawar miji daga kasuwa ba da lissafin 220 za ka shawo kanta ba. Na taɓa ganin wata uwa a wajen aiki ta rako ɗanta gwajin nan, ana manna masa wayoyi ita tana tsaye riƙe da rigarsa ta dunƙule ta a ƙirji bakinta na motsi, da likita ya juyo ya ce Hajiya zuciyar yaronki lafiya take sai ta zauna a kan benci ta rufe fuska da mayafi ta yi kukanta, daga baya ita ce ke tambaya sau nawa ya kamata ya riƙa gudun a sati. Ka ce wa Inna kin yi gaskiya, na tsaya, zo mu je a duba ni tare. In ba za ta iya ba kawunka ya raka ka. In sakamako ya yi kyau likita ya faɗa mata a kunnenta, sannan ka roƙe ta ta janye kalmarta da bakinta ta sa maka albarka. In kuma an ga wani abu, to ka ga tsoronta ne ya cece ka, kuma akwai magani da irin motsa jikin da za a tsara maka.

Ko da an ce lafiyarka lau, in ka taɓa jin ƙirji ya matse ko ya yi nauyi kana cikin gudu, ko ka ga duhu, ko ka suma a cikin wasa, ko haki ya fi ƙarfin aikin da kake yi, ko zuciya ta ɗauki gudu haka kawai kana zaune ta ƙi sauka, ka tsaya nan take ka nufi asibiti ranar, kar ka bari sai gobe.

Fat-fat ɗin lokacin jarabawa kuwa kai ma ka san mai laifi. Lemun enaji da kofi da goro da shayi mai kauri duk sinadari ɗaya ne a ciki, wanda ake kira kafeyin, kuma abin da aka ce baligi kar ya wuce a yini miligiram 400 ne, kusan kofi huɗu na kofi, ɗalibi kuwa sai ya haɗa su duka a dare ɗaya a kan cikin da babu abinci da idon da bai yi barci ba. Wannan ya fi ƙwallonka wahalar da zuciya nesa ba kusa ba. Jiki na son barcin awa 7 ko fiye, kuma karatun ma a barci yake zama a kai. Ka faɗa wa likitan wannan ma. Kuma in wani a wajen ɗaga ƙarfe ya miƙo maka ƙwaya ko allura wai ta ƙarin ƙarfi, ko tiramadol wai don kar ka gaji, ka ce a'a ka bar wurin.

In an sallame ka ka koma, abin da hukumar lafiya ta duniya ta shawarta tun 2020 minti 150 zuwa 300 ne a sati na motsa jiki matsakaici ko 75 zuwa 150 na mai tsanani, da kwana biyu na ƙarfafa tsoka, kai ka riga ka cika na mintocin. Mafi yawan 'yan ajinku ne abin tausayi, daga katifa sai kabu-kabu sai bencin lakca sai waya, musamman ƙannena mata da ke ganin abin ba nasu ba ne, alhali tsallen igiya a cikin hostal ko zagaye makaranta su uku su huɗu bayan la'asar ya wadatar. Kai kuma da yanayin tsaron da muke ciki ka bar gudun duku-duku kai kaɗai a bayan gari, ka jira gari ya waye ku fita a ƙungiya cikin makaranta ko cikin unguwa.

Abu ɗaya kuma da nake so kai da abokinka mai karatun nas ku koya wa 'yan tim ɗinku. In wani ya faɗi a fili ba wanda ya taɓa shi, ba ya amsawa, ba ya numfashi daidai, ba ruwa ake kwara masa ba, ba cokali ake cusa masa a baki ba, ba fifita ake yi ba. A kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, a ɗora hannu biyu a tsakiyar ƙirji a riƙa dannawa da ƙarfi sau 100 zuwa 120 a minti ba tsayawa, wani kuma ya ruga neman mota. Abin da aka fara yi wa Christian Eriksen na Denmak ke nan ranar 12 ga Yunin 2021 da ya faɗi a wasansu da Finlan kafin a sa masa na'urar farfaɗo da zuciya, kuma ya tashi ya koma ƙwallo.

Ka riƙa rubuta bugun zuciyarka na safe kwana bakwai a jere kafin ka sauko daga gado, da awon bifi na zaune sau biyu, ka tafi da su wajen likita, in sakamakon isiji da eko ya fito ka turo min in gani. Ka gaida min Inna da kyau, ka ce ina yi mata ta'aziyyar Baba ko da an daɗe.